Allunan Laka a Murhun Burodi

Mai gidan burodin nan mutum ne mai saurin hannu, kowa a layin ya sani. Ƙaninsa Auta, mai tsaron murhu, shi kuma Allah ya jarabce shi da ƙirƙirar harshe. Ba koyo ba fa, ƙirƙira, harshen da duk duniya babu mai jinsa sai shi.

Abokansa masu irin wannan taɓin ne suka ƙara zuga shi. Suka ce ya nemi littafin nahawun Sumeriyawa, wasu mutanen zamanin da can, da wani a kan harsunan da ke yi wa mai aikata aiki alama ta musamman. Ya karanta, ya ga ashe a kan laka mutanen suke rubutu. Shi ke nan, Auta ya koma kwaɓa laka yana danna mata tsinken kara, yana shanya allunan a bayan buhunan fulawa. Takarda kuwa ya raina ta, harshen nan kaf a lakar yake.

Rannan yana tsugune yana danne-dannensa, burodin murhu guda ya ƙone ƙurmus. Yayan ya shigo, hayaƙi ya tare shi. Bai tambayi komai ba. Ya ɗauki dogon katakon fitar da burodi ya sauke wa Auta a gadon baya, ya ƙara masa a haƙarƙari, ya bi da mari har leɓe ya fashe.

"Yaya, ka dake ni, amma kar ka taɓa allunan nan," in ji Auta, jini na bin haɓarsa.

Da ma bai faɗa ba. Yayan ya kwashi allunan ya watsa cikin garwashi. Auta ya yi kukan kura ya zura hannu biyu cikin wutar. Kafin yayan ya shaƙo wuyansa ya fizgo shi, fatar yatsun ta riga ta saluɓe.

Da murhu ya huce, yayan ya tona toka. Allunan sun gasu, sun yi ja, sun yi tauri kamar tukunya, rubutun raɗau. Kunya da nadama suka rufe shi. Ya naɗe su a rigarsa ya nufi asibitin da aka kwantar da Auta.

"Auta, ga su. Wuta ba ta ci su ba. Ka yafe mini."

Auta ya dubi hannayensa da ke cikin bandeji, ya dubi yayansa. Ya amsa a hankali, doguwar magana, cikin harshen nan nasa. Yayan bai gane ko kalma ɗaya ba. Tun daga ranar, da wannan harshen kaɗai Auta ke yi masa magana.