Ɗaga Hannu In Ka Ji

Tun da Maigida ya ajiye tuƙin babbar mota, ya mai da ɗakin ajiyar kaya wurin hira da duniya. Rediyonsa bai fi tafin hannu ba, ƙarfinsa kuwa bai kai na fitilar keke ba, amma da shi yake aika saƙon tit-tiit, irin na tangaraho, zuwa ƙasashen da bai taɓa takawa ba, ta wata waya da ya ɗaura daga taga zuwa sandar shanya.

Kunne ne ya fara ba shi kunya. Shekarun da ya yi zaune a kan ƙarar inji sun ci rabonsu. Sai ya aika kira, a amsa masa, amsar ta nutse cikin shuuu. Don haka ya haɗa matatar sauti, ɗan ƙaramin allo mai yanke hayaniya ya bar ƙara guda, ya saita ta a kan siririn sautin da kowa ke amfani da shi. Hayaniya ta tafi. Saƙon ma ya tafi.

Wata yamma matarsa ta dawo daga aiki ta same shi yana yi wa allon faɗa. Nas ce a sashen kunne, shi ma Sista yake ce mata kamar kowa.

"Maigida, ga wani can yana ta tit-tit, kai kuma kana zagin akwati."

"Wane tit-tit? Babu komai a ciki!"

"Ni da nake bakin ƙofa ina ji."

Ya kau da kai. An daɗe tana roƙonsa ya zo asibiti a gwada shi, yana cewa kunnensa ƙalau.

Ta ajiye jaka, ta cire matatar, ta juya masa kujera ya fuskanci bango.

"Rufe ido. In ka ji, ɗaga hannu."

"Ni za ki mayar majinyaci a gidana?"

"Kyauta ma kuwa. Rufe ido."

Ta kama maɓallin rediyon tana murzawa a hankali, sautin yana saukowa daga siriri zuwa mai kauri. Bai motsa ba. Ta ƙara. Sai da sautin ya koma kamar kukan kurciya sannan hannunsa ya tashi, har da buge fitila.

"Nan! Tsaya nan, Sista!"

Washegari ya wuni da ƙarfen narkar da dalma, yana sauya ƙananan kayan allon har matatar ta sauko daidai wannan sautin. Da la'asar ya aika kira. Amsa ta zo tar, kamar daga ɗakin maƙwabta: wani mai gadin fitilar jiragen ruwa ne a wani tsibiri mai sanyi. Da Maigida ya kwatanta masa kayan aikinsa, mutumin ya yi mamakin ƙanƙantar rediyon, ya tambayi yadda yake jinsa haka.

Maigida ya gyara zama, ya buga masa harafi harafi: "Ni na haɗa matatar. Matata ta saita ta."

"Me ka ce masa kake ta murmushi?" in ji Sista daga bakin ƙofa.

"Yana gaishe ki. Ya ce ko kina duba kunnen mutanen tsibiri."

Ta kwashe da dariya, ta jawo kujera kusa da shi.

"Ce masa sai ya bi layi. Matsa, nuna mini yadda ake buga 'ina amsawa'."