Baƙon Baba Imrana a Tsibiri

Karo na nawa ke nan Na'Allah yana leƙa kai ta gefen jirgin ruwan yana yunƙurin amai, shi ma ya daina ƙirgawa. Cikinsa babu komai, amma tekun bai daina nema ba.

"Alhaji, abeg ka riƙe ƙarfe da kyau," in ji Seth yana danne dariya. "In ka faɗa ruwa, ban san abin da zan gaya wa Hajiyarka ba."

Na'Allah dillalin albasa ne a kasuwar Ose Okwodu da ke Onitsha. Seth kuwa ɗan Kafanchan ne, ma'aikaci a wani kamfanin Fatakwal mai kai kayan abinci wani ɗan tsibiri can tsakiyar teku. Da ya zo sayen albasa ne ya ba shi labarin wurin: yashinsa baƙi ƙirin, ga dutsen da ya taɓa aman wuta, yanzu tafki ne kwance a kansa. Ya ce in yana so ya biyo kayan, su tashi Juma'a su juyo Lahadi. Kafin sati ya zagayo, babu wanda Na'Allah bai shaida wa ba a layin 'yan albasa cewa shi ne Bahaushen farko da zai taka dutsen nan.

Da hantsin Asabar suka sauka. Dutsen ya tokare sama, kore shar, gajimare ya naɗe masa kai. Ƙasa na ta lilo da Na'Allah, sai ya nemi wani benci a inuwar bishiyar kwakwa ya zauna, Seth ya tafi neman motar da ke kai baƙi gindin dutsen, wadda sau ɗaya take tashi a yini.

Kusa da bencin wani tsoho ne ke ɗinkin takalmi. Ya daɗe yana kallon hular Na'Allah, sannan ya ajiye basillarsa.

"Salamu alaikum. An... an zo lafiya?"

Na'Allah ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Baba, da ni kake?"

"Da wa kuma? Imrana sunana. Mutumin Gwadabawa."

Na'Allah ya dafe kai, dariya ta ƙwace masa. "Yanzu duk wannan aman da na sha, ashe an riga ni?"

Hausar tsohon ta yi tsatsa. Sai ya tsaya tsakiyar magana yana laluben kalma, wani lokaci ya cike da yaren tsibirin. Yana saurayi ya biyo wani jirgin katako daga Kalaba, jirgin ya lalace a nan, kafin a gyara shi ya yi aure. Matar ta rasu. 'Ya'yansa da jikokinsa suna ji da shi, sai dai ko "sannu" babu mai iya mayar masa.

Na'Allah ya laluba aljihu ya ciro goro, ya ɓara ya miƙa masa. Tsohon ya shinshina, ya gutsura kaɗan, ya daɗe yana taunawa idonsa a kan teku. Daga nan tambayoyi suka ɓalle. Har yanzu ana cin kasuwar Illela ran Lahadi? Ana dambe bayan kaka? Wai da gaske mata na sayen fura a roba?

Mota ta yi oda. Seth ya taho da sauri.

"Alhaji, oya, mu ake jira. Gobe da asuba jirgi zai juya, in ka rasa motar nan shi ke nan."

Na'Allah ya miƙe. Tsohon ya ɗauki basillarsa, ya sunkuyar da kai kan takalmin.

"Je ka, ɗana. Wurin na da kyau. Allah ya kiyaye hanya."

Na'Allah ya dubi dutsen. Ya tuna 'yan layinsu, musamman Sagiru mai barkono, wanda zai shekara yana yi masa tsiya. Ya dubi hannun tsohon, ya ga zaren ya ƙi shiga kafar basillar.

"Seth, hau kai kaɗai. Ƙafata ba ta gama dawowa daga teku ba."

"Alhaji, ka ƙetaro ruwa don ka zauna a benci?"

"A Onitsha ma aikina ke nan."

Seth ya girgiza kai ya tafi. Tsohon ya aika aka kawo gasasshen kifi da ayaba, hira ta miƙe, Hausar tasa na warwarewa kaɗan-kaɗan har ya soma ba'ar Kabawa, da ya ji Na'Allah mutumin Argungu ne.

Da azahar ta yi, tsohon ya jawo buta da wata tsohuwar tabarma. Ya ce rabonsa da sallah da mutum a gefensa har ya manta. Suka ɗan yi jayayya kan wanda zai ja sallar, tsohon ya ce baƙo ne zai wuce gaba, shi yana son ya ji kabbara daga bakin wani.

"To Baba, ina alƙibla?"

Tsohon ya nuna dutsen da haɓa. Gajimaren ya yaye, kan dutsen ya fito fili tas. Na'Allah ya gyara tsayuwa ya fuskance shi, ya jira har ya ji kafaɗar tsohon ta taɓa tasa, sannan ya ɗaga hannu.