Maɓalli a Ranar Kisan Ɓeraye

Tabarau kowa a gidan yake kiranta saboda tabaraun da take sawa, har Inna da ta haife ta. Shekarunta goma sha huɗu, kuma in ba ta makaranta to tana lungun bayan ƙofa da littafi a cinya. In baƙo ya yi sallama sai harshenta ya yi nauyi. Babanta yana da shagon hatsi a gaban gida, sito kuma a bayan shagon, mai ƙofa ɗaya da ke buɗewa cikin tsakar gida da wata 'yar taga can sama.

Akwai wani ɓeran Masar da maƙwabta suka bari ranar da suka tashi. A bakin bola ta same shi cikin kwali, fari mai ratsin ja, ba wutsiya, kunnen hagu a yage. Ta sha leƙen yaran gidan ta katanga suna ɗaure masa zare a ƙafa suna jan sa a kan siminti. Tana sa hannu ta ɗauko shi ya kafa mata haƙori a babban yatsa, bai saki ba sai da jini ya ɗiga a siket ɗinta. Duk da haka ta kawo shi gida.

Yayanta, wanda ke taya Baba tsaron shago, ya leƙa kwalin ya fashe da dariya. "Mu muna kashewa, ke kina reno? Inna, zo ki ga jikanki."

"Ba irin na sito ba ne," in ji ta, idonta a ƙasa.

Baba ya dubi dabbar, ya dubi yatsan da ta naɗe da gefen mayafi. "Ya zauna a keji. Ranar da ya shigar mini sito, kada ki zo mini da kuka."

Da tsohon akwatin katako ta yi kejin. Ta rufe samansa da waya, a gaba ta zura guntun katako ya zama ƙofa. Ta sa masa suna Maɓalli, saboda idanunsa kamar maɓallan riga.

A laburaren makaranta ta samo littafin kiwon ƙananan dabbobi, ta haddace shafi biyu da suka shafe shi. Duk abin da ke cin ɓeran Masar daga sama yake zuwa, shaho ko mage, don haka hannun da ya sauko daga sama mutuwa ce a wurinsa. Sai dai a shimfiɗa hannu a ƙasa, tafi yana kallon sama, da ɗan abinci a kai. Kada a motsa, kada a janye ko da ya yi cizo. A riƙa magana a hankali har ya saba da murya. Tun da ita ba ta iya hira ba, sai take kwanciya rub da ciki a bakin kejin tana karanta masa darasin kimiyya.

Sati na farko ko hancinsa ba ta gani ba. A na biyu yakan fizgi kokwamba ya koma ƙarƙashin tsumma a guje. A na uku ya tsaya ya ci a gefen yatsunta, tana jin gashin bakinsa yana taɓa fatarta.

Sai Yaya ya ɓata komai cikin minti ɗaya. Abokinsa ne ya zo, ya so ya nuna masa abin dariya. Ya ɗaga wayar saman kejin, ya damƙo Maɓalli ta baya kamar mai ɗaukar mangwaro. Maɓalli ya yi wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta ba, ya juya ya cije shi. Yaya ya yarfe hannu, dabbar ta bugu da bango ta faɗo a siminti, jini a hanci, haƙori ɗaya a karye.

Ba ta san lokacin da littafin kimiyya ya bar hannunta ba. A goshi ya sami Yaya. Shi kuma ya tako ya zabga mata marin da ya aika tabaraunta ƙarƙashin randa.

"A kan ɓera za ki fasa mini kai?"

Inna ta shiga tsakani da muciya a hannu. "Ƙato da kai, ka rasa abokin dambe sai ƙanwarka? Fice mini!"

Suka koma farko, har ma baya da farkon. Kwana goma Maɓalli yana daskarewa da ya ji takun mutum. Tabarau ta riƙa kankare masa karas saboda haƙorin. A hankali ya koyi ƙarar leda: da ta murza sai ya soma fito, wik-wik-wik, ya taho da gudu. Yakan ɗora ƙafafun gaba biyu a tafinta ya ci, na baya kuwa suna nan a ƙasa, a shirye. Huɗun take so. Littafin ya ce ranar da ya hau da huɗu, ya ba ka ransa ke nan.

Duk bayan wata uku Baba yakan yi kisan ɓeraye, kuma yana da tsarinsa. Da safe a toshe kowane rami da katako da bulo. Sannan a shiga, a kulle ƙofa, a riƙa janye buhuna ɗaya bayan ɗaya daga bango. Duk abin da ya fito a guje a doke shi, ba a tsayawa dubawa, don kafin ka duba ya wuce. Ƙofa kuwa ba a buɗe ta sai an gama, ko wa ke bugawa.

Ran wata Asabar da hantsi ta dawo daga mayar da littafi, da ledar fasassun kokwamba da mai kayan miya ke ajiye mata. Tun daga ƙofar gida ta ji duka, tim, tim, da muryar Yaya yana cewa, "Ga shi nan, Baba, ta ƙafarka!" Ta nufi keji. Ƙofar katakon ba ta nan. Ta ɗaga tsumma, ba kowa.

"Inna, ina katakon nan?"

Inna tana wanke-wanke, ba ta ɗago ba. "Yayanki ya zare ya toshe magudanar sito. Ya ce daidai take da ramin." Sai hannunta ya tsaya a cikin kumfa. "Innalillahi. Ƙofar siton a buɗe take da safe, kafin su kulle."

Tabarau ta ruga ta hau dukan ƙofar sito da hannu biyu. "Baba! Baba, ku tsaya!"

"Ba a buɗewa!" in ji Baba daga ciki. Wani dukan ya sauka, wani abu ya yi tsuwa ya yi shiru.

Ta murza ledar a bakin ƙasan ƙofa. Tsakanin duka da duka ta ji shi, can ciki, siriri: wik-wik.

Ta jawo duron ruwa zuwa jikin bango, ta hau, ta cusa kai da kafaɗu ta 'yar tagar. Ƙusa ta yage mata riga har fata. Ta faɗa ciki a kan buhun masara, ta gangaro, tabaraun ya faɗi ta ji ya fashe ƙarƙashin gwiwarta.

Siton ya cika da ƙura da ƙarni. Ba tabarau, komai ya zama hazo-hazo, amma ta gane Baba da shebur, Yaya da guntun bututun ƙarfe, jini ya fantsama musu har gwiwa. Kusa da ƙofa ga bokiti cike da gawawwaki, wasu suna shure-shure tukuna.

"Kin haukace ne?" Baba ya daka mata tsawa.

Ta durƙusa ta kifar da bokitin, ta riƙa juya su da hannu ɗaya-ɗaya, masu fasasshen kai, masu hanji a waje, tana kai su kusa da idonta tana neman farin gashi. Babu.

"Yana ciki, Baba. Na ji shi."

Baba ya nuna kusurwa da shebur. Buhu uku suka rage a kan katakon da ake jera kaya. "Duk wanda ya saura yana ƙarƙashin can. In na janye, gaba ɗaya za su fito. Ba na iya tantance miki naki."

"Ka ba ni minti biyar," in ji ta. "Don Allah, Baba. Kada kowa ya motsa."

Yaya ya yi tsaki. "Ki sa hannu can su cinye miki yatsu."

Ta kwanta rub da ciki a kan jini da tsabar masara. Ta murza leda, ta ɗora kokwamba a tafin dama, ta zura hannun a hankali har bakin duhun da ke ƙarƙashin katakon. Ta soma karanto abin da ya zo bakinta, darasin sassan fure, a muryar da ya sani.

Wani abu ya motsa. Ba shi ba ne. Wani ƙaton ɓera ne baƙi, ya yi tsalle ya biyo ta kan hannunta. Yaya kuwa tun safe hannunsa ya saba, bai yi tunani ba. Bututun ya sauko. Ɓeran ya riga ya wuce, ƙarfen ya dira a kan yatsunta, ta ji ƙas har cikin haƙoranta.

Ihun ya taso mata har maƙogwaro. Ta cusa wuyan rigarta a baki ta cije. In ta yi ihu, in ta janye, shi ke nan, zai fita a guje ta ɗaya gefen inda shebur yake. Hannun ya tsaya inda yake, yatsu biyu sun karkace, jini yana taruwa a tafin kewaye da kokwamba.

Bututu ya faɗi daga hannun Yaya. "Wayyo Allah, Tabarau, wallahi ban…"

Baba ya riƙe masa kafaɗa. "Yi shiru."

Ta saki rigar, ta ja numfashi, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kalmomin suna fita guntu-guntu, hawaye yana zuba a siminti. Ta faɗi sassan furen duka, ta sake daga farko.

Sai ta ji gashin baki a gefen tafinta. Ya shinshina jinin, ya ja baya, ya dawo. Ƙafa ɗaya. Biyu. Bai taɓa kokwamba ba. Jikinsa yana karkarwa, nata ma haka. Nauyinsa ya ƙaru a kan yatsun da suka karye har ta ga taurari, ta ji ƙafa ta uku, sannan ta huɗu. Ya dunƙule a tafin, ya tura kai cikin hannun rigarta.

A hankali ta jawo hannun a kan siminti, ba ta ɗaga ba sai da ya iso ƙirjinta, ta tallafe shi da hagu ta ƙasa.

Baba ya jingina shebur da bango, ya je ya zare sakata, ya buɗe ƙofar alhali buhu ukun nan ba a janye su ba. Ɓeraye huɗu ko biyar suka fice tsakanin ƙafafunsa, Inna ta saki ihu ta ɗare kan kujera da kwano a hannu.

"Baba, suna gudu," in ji Yaya.

"Na gan su. Je ka samo mota, asibiti za mu."

Ba ta yarda ta fita ba sai da Yaya ya ciro katakon daga magudana, ya wanke shi, ya mayar a keji. A asibiti aka ɗaure yatsu biyu, aka yi mata allurai saboda ƙazantar sito, likita yana ta yi wa Baba faɗa, Baba yana cewa to.

Washegari da rana ta fito ta sami Yaya tsugune a bakin keji, karas a hannu, yana shirin zura shi ta sama.

"Ba haka ba," in ji ta. "Kwanta."

"A ƙasan?"

"Rub da ciki. Tafin hannu sama. Kuma ka rage murya, ba kasuwa kake ba."

Ya kwanta, ƙafafunsa har bakin ƙofar kicin. Maɓalli ya leƙo, ya ga ko waye, ya koma ƙarƙashin tsumma.

"Har yaushe ke nan?" in ji Yaya.

Ta zauna kusa da shi, ta shimfiɗa hannunta mai bandeji a gefen nasa. Tsumman ya motsa. "Kai kam, da saura," ta ce.