Abin da Kayinu Ya Ce wa Ƙanensa

Littattafai biyu ne a buɗe kan teburin cin abinci, ɗaya ana fara shi daga dama kamar ajami, ɗayan daga hagu kamar boko, kwanon yakuwar Edna, matar Bot, yana tsakaninsu. Bot ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Daga matarsa har ƙanensa ba wanda ya ɗago kai.

Bot ne ya fara zuwa Amurka a gidansu. Ya tuƙa tasi a Washington har furfura ta cika masa kai, ya sayi ɗan gidan nan a Lanham. Bokonsa bai wuce firamare a Bukuru ba, amma Allah ya ba shi murya. Duk Kirsimeti da Ista, Malam Muntaka na sashen Hausa na gidan rediyon da ke cikin birni yakan kira shi ya karanta nassi, ya yi wa mutanen gida barka. In ya je hutu, mahauci a kasuwa yana jin gaisuwarsa sai ya ajiye wuƙa ya tambaya ko shi ne na rediyo. Mutum yana iya haƙura da sanyi da rashin kunyar fasinja shekara da shekaru in yana da abu ɗaya irin wannan.

Jerome kuwa shi ne autansu. Bot ya goya shi, ya sa shi makaranta, ya kuma ba shi ɗakin ƙasa da ya zo neman digiri na uku a wata makarantar tauhidi. Yanzu a coci har an fara ce masa Dakta tun takardar ba ta fito ba.

Abin da Jerome yake gaya wa Edna ranar nan shi ne, Yahudawan Masar sun juya littafinsu zuwa Girkanci tun kafin haihuwar Almasihu, don 'ya'yansu sun daina jin Ibrananci. Edna ta ce ashe ciwon 'yarsu Lizzy tsoho ne, a yi mata Hausa ta mayar da Turanci. Jerome ya ce to, in ka jera na Ibrananci da na Girkanci, ba ko'ina suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Littafin Irmiya ya fi gajarta a Girkanci. Goliyat a Ibrananci kamu shida ne da ɗani, a Girkanci kamu huɗu da ɗani.

"Ashe shi ma ƙaton a hanya ya ƙara tsawo," in ji Edna. "Kamar ɓarayin da Baban Lizzy ya kora a hanyar Akwanga. Bara su uku ne, bana sun kusa cika mota."

Suka yi dariya su biyu. Rabon da Bot ya ji wannan dariyar daga bakinta ya daɗe. Ya ajiye makulli da ƙarfi, ya ja kujera, ya ce a karanta masa wanda ya sani, a bar na ƙattai.

Jerome ya buɗe farkon littafin, labarin Kayinu da Habila. Bot ya ce wannan ko a barci aka tashe shi zai kawo shi: Allah ya karɓi baikon ƙane, ya ƙi na wa, wan ya ce wa ƙanen su fita daji, can ya kashe shi. Jerome ya ɗora yatsa kan littafin da ake farawa daga dama. Ya ce a nan an rubuta cewa Kayinu ya ce wa ɗan'uwansa, sai kuma ba a faɗi abin da ya ce ba. Sai dai ka gan su a daji. Gayyatar nan ta su fita, a na Girkanci take, kuma daga irinsa masu fassara da yawa suka ɗauko ta.

"To wanne ne gaskiya?"

Jerome ya ce malamai sun rabu. Wasu sun ce idon mai kwafa ne ya tsallake layi a Ibrananci. Wasu sun ce masu fassara ne suka ga gurbi suka kasa barinsa a buɗe.

"Amma a duka biyun, Yaya, Habila bai koma gida ba."

Sannan ya rage murya. Ya ce shi wannan bai taɓa girgiza masa bangaskiya ba, sai ma ƙara masa son littafin. Amma dattawan cocinsu a gida suna jiransa da kujerar koyarwa a makarantar fastoci, kuma ba magana ce da za a jefa musu a tsaye ba. In suka ji ta gutsuri-gutsuri, cewa za su yi Amurka ta lalata yaron, ya dawo yana cewa Littafi biyu ne. Ya roƙa maganar ta tsaya a teburin nan har ya koma ya zauna da su a tsanake. Edna ta ce wa zai kai ta. Bot ya ɗauki ganyen yakuwa ɗaya ya tauna.

Kwana kaɗan bayan haka Malam Muntaka ya bugo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce za a buɗe sabon fili duk Lahadi kan zaman tare, kuma ana son Kirista ɗaya da zai riƙa zama a kai a kai. Daɗi ya kama Bot. Sai Muntaka ya yi gyaran murya ya ce ya ji Jerome yana magana a wani taron suna a Wheaton, kai, yaron akwai kai. Ko Dattijo, kamar yadda yake kiran Bot, zai zo da shi su ɗauki shirin farko su biyu, a gani?

A gani. Wanda ya yi shekaru yana kallon fuskar mutane ta madubin mota ya san abin da ake nufi da a gani. Kujera ɗaya ce.

Makon nan komai sai da ya tsaya masa a wuya. Edna ta yi miyar kifi, ta zuba wa Jerome kan, wai masu karatu ke bukatarsa. Kan kifi a gidan nan na Bot ne tun ranar da aka kawo ta. A coci wata tsohuwa ta tare shi ta ce ya yi sa'ar ƙane. A bakin fitilar hanya sai ya tsinci kansa yana gwada muryarsa shi kaɗai a mota, yana jin ko ta fara tsufa. Bai taɓa cewa Jerome ya yi masa laifi ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Yaron yana wanke kwanonsa, yana share ƙanƙara a ƙofar gida tun ba a sa shi ba, yana rusunawa in zai gaishe shi. Da ma mai girman kai ne, da an san inda za a kama.

Ranar ɗaukar shiri Jerome ya fito da jakarsa ya ce zai bi jirgin ƙasa, daga can ya wuce makaranta. Bot ya riga ya wanke mota.

"Zo mu tafi tare. Me ya yi zafi?"

A hanya ya saya masa shayi, ya tambaye shi karatu, har ya ba shi labarin ranar da ya goya shi zuwa asibitin mishan da ƙyanda. Jerome ya ji daɗi. Ya ce ya kwana yana fargaba, don bai taɓa magana a makirfo ba. Bot ya ce kada ya damu, yana kusa da shi.

Ɗakin ɗaukar shirin ƙarami ne, bango duk soso, ba a jin ko motsin titi. Muntaka ya zaunar da su kafaɗa da kafaɗa, ya ce labarin 'ya'yan Adamu biyu za a fara da shi, tunda Musulmi da Kirista kowa ya san shi, su suna cewa Ƙabila, waɗannan suna cewa Kayinu. Jar fitila ta kama.

Bot ya ba da labarin yadda bai taɓa ba da shi ba. Ya saukar da murya wurin da fuskar wan ta ɓaci, ya tausasa ta wurin gayyatar, har ka ce mai kiran ɗan'uwa cin tuwo ne. Muntaka yana gyaɗa kai. Sai aka juya ga Jerome. Ya fara da rawar murya, amma kafin a jima ya daidaita. Ya ce abin da ke ba shi tsoro a labarin shi ne Habila bai yi wa kowa komai ba, an karɓi nasa ne kawai. Muntaka ya daina kallon agogo. Ya jingina, ya tallafe haɓa, yana kallon Jerome da irin kallon da ya saba yi wa Bot.

A nan ne Bot ya matso da bakinsa kusa da makirfo.

"Ƙanena Jerome," in ji shi, da murmushi a muryar. Ya ja numfashi. "Kai da ka karanta na asali, gaya wa dattawanmu na gida. Maganar nan ta su fita daji, tana cikin Ibrananci ko babu? Kuma Goliyat, kamu nawa ne tsawonsa?"

Jerome ya juyo ya dube shi. Ba fushi a idonsa, kallo ne na wanda ya taka matakala ya ji babu ita. Yana iya yin dariya ya kauce, yana iya cewa maganar doguwa ce. Amma an tambaye shi a gaban jama'a, kuma bai iya ƙarya kan littafin nan ba. Ya ce babu. Ya yi bayani a hankali, ya yi ƙoƙarin sa kowace kalma a mazauninta, amma shi da Bot duk sun san abin da zai rage a kunnen dattijon da ke riƙe da rediyo a Bukuru: yaron ya ce babu.

Da aka kashe fitila Muntaka ya tattara takardunsa bai dubi kowa ba. Jerome ya yi godiya, ya ce zai makara aji.

Har Lahadi ba wanda ya ta da zancen. Jerome yana fita da sassafe, yana gaisuwa yadda ya saba. Da suka dawo daga coci Edna ta jingina waya da kwalbar yaji a kan tebur, ta ƙure murya, ta kira Jerome ya hau ya ji kansa. Suka zauna su uku.

Muryar Bot ta cika ɗakin, sannan ta Jerome. Edna tana ta cewa madalla. Bot ya ji kansa ya ce, "Ƙanena Jerome," ya ji numfashin da ya ja. Sai ɗan shiru. Sai ga Muntaka yana godiya ga 'yan'uwan biyu, kiɗan rufe shiri ya taso.

Ba a daɗe ba saƙon murya ya shigo daga yayarsu Sophia a Bukuru. Ta ce unguwa duk an ji, dattawan coci sun ce Allah ya yi wa gidansu albarka. Ta ce wurin da Bot ya kira sunan autan ya kasa ci gaba, ita ma sai da ta share hawaye.

Bot ya fita baranda ya kira Muntaka. Muntaka ya ce lokaci ne bai isa ba, Dattijo ya san aikin rediyo, dole a rage. Bot ya tambaya ko an zubar da abin da aka yanke.

"A'a, dogon yana nan a ajiye. Mu ba ma goge komai." Sannan ya ƙara da cewa, "Batun fili kuma, naka ne. Na yi wa Jerome tayi tun ranar, ya ce in bar wa yayansa, shi ya fi shi murya."

Bot ya ce ya gode. Ya daɗe a tsaye da wayar a kunne bayan an kashe.

Da ya koma ciki Jerome ya hau da akwatinsa, yana sa littattafan a jaka, na dama da na hagu. Ya ce ya sami ɗaki a Takoma Park kusa da makaranta, dama yana ta son ya faɗa, rubutu ya yi yawa kuma hanyar tana cinye masa lokaci. Edna ta ce wane irin tashi ne haka ba shiri, ko abinci ne bai yi masa ba. Ya yi dariya ya ce in don abinci ne ai da sai an kore shi da sanda. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Baban Lizzy, ni dai na ji ka ce ƙanena, sai shiru. Me ka ce masa?"

Bot ya buɗe baki. Jerome ya ja zik ɗin jakar a hankali har ƙarshe, bai ɗago ba.

Makullin mota yana kan tebur, inda kwanon yakuwa ya zauna kwanakin baya. Bot ya ɗauka.

"Kayan da nauyi. Zo in kai ka."

Jerome ya rusuna yadda ya saba tun yana yaro, ya rataya jakar a kafaɗa.

"Na gode, Yaya. Zan bi jirgi."