Gaisuwa a Ƙasan Layi

Sau biyu ana dawo wa Bahijja da wasiƙarta, kuma ba wai gyaran da ta yi ne bai yi ba.

Ita ke kula da kwamfutocin wata makaranta a Tudun Wadar Zariya. Manhajar da suke shigar da makin ɗalibai a cikinta ta kowa ce, wanda ya ga ɓaraka ya gyara, ya aika wa masu kula da ita ta imel. Ɓarakar kuwa Bahijja ta san ta kamar yunwar cikinta: da an ɗauke wuta ana cikin adanawa, makin aji guda ya bi iska. Ta gyara, ta gwada, ya zauna daram. Ranar Juma'a za a rufe karɓar gyara, wanda ya makara sai bayan wata shida.

Karon farko ta liƙa gyaran a fayil daban, aka ce ta zuba shi cikin wasiƙar, rubutu zalla. Karo na biyu babban mai kula da manhajar, wani dattijo a ƙasar waje, ya rubuto: "Gyara ya yi. Amma abin da ke saman wasiƙa yana shiga tarihin manhaja har abada. Layi shida na tambayar iyalina ba bayanin gyara ba ne."

Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. Ta kai ƙara wurin mahaifinta, Malam Yusha'u.

"Baba, wai in cire gaisuwa."

"Ki rubuta wa babba babu sallama? Ba 'yar gidan nan ba."

To fa. Dole ta koma kan ƙa'idojin aika gyara masu tsawo da ta riƙa tsallakewa. Can wajen ƙarshe ta gani: in aka ja gajeren layi bayan bayani, abin da ke ƙasansa mutane za su karanta, amma ba ya shiga tarihi.

Ta rubuta bayanin gyara a jimla uku. Ta ja layi. A ƙasa ta gaishe da dattijo son ranta, har da ya aiki, ya gajiya.

Ranar Alhamis da la'asar amsa ta iso: "An karɓa." Ga layi, a ƙasansa: "Iyali lafiya lau. Ya mutanen Zariya?"

Murna ta sa ta fito tsakar gida ba takalmi, ta karanta wa Baba da ƙarfi.

Ya gyara zaman tabarau, ya ce, "Ashe yana da tarbiyya. Ki ce ina gaishe shi, a ƙasan layin."