Wuyan Iya Abeke

Shekara shida ke nan ana kiran Iya Abeke, mai sayar da alabo a kasuwar Bodija, duk lokacin da likitoci suka taru a Ibadan yin bitar jarrabawar zama ƙwararru. Ko sunanta ba ta iya rubutawa. Maƙoƙon wuyanta ake so, wanda ya kai girman gwanda. A zaunar da ita kan kujera, mutum arba'in su bi layi suna latsawa, kowa ya miƙo mata ruwa ya ce ta haɗiya, sannan ya canki ciwon a gaban Farfesa Adegbite, mai shirya bitar. In an tashi a ba ta lemo da alkawari: badi za a yi mata aiki.

Bana numfashi ya soma gagararta in ta kwanta.

Ta iso da sassafe, ta naɗe wuya da ɗankwali, ta tare Farfesa a bakin ƙofa.

"Iya, ina kwana? Kwance mana wuyan, yara na jira."

"Yara? Masu furfurar nan? Baba Dokita, yaushe za a yanke abin nan?"

"Haba Iya, irin naki babu biyunsa a garin nan. Duk wanda ya taɓa shi sai ya ci jarrabawa. Bitar nan tana taimako ƙwarai."

"Na shaida! Mai ƙaton kan nan na shekaran bara, wanda hannunsa ke rawa kamar mai satar nama, yanzu har direba gare shi. Ni me na ci? Lemo."

"Badi, da yardar Allah..."

Ta ture shi ta faɗa zauren bitar. Ta kwance ɗankwalin, ta daki tebur.

"Ku buɗe kunne, 'ya'yana! Kowa ya mayar da hannunsa aljihu."

Ta rattabo musu komai kamar mai tallan kaya: sunan ciwon da Turancin da ta haddace, gwaje-gwajen da ake yi, har tambayar tarkon da Farfesa ke ajiyewa sai ƙarshe, wadda yake kayar da mutane da ita, da amsarta. Biro ya yi ta gudu a kan takarda. Wata likita daga baya ta ɗaga hannu.

"Mama, don Allah maimaita ta ƙarshen."

"Ke ma badi," in ji Iya Abeke. Ta juya ga Farfesa. "Gobe zan dawo, jibi ma haka. Ranar jarrabawa a bakin ƙofa zan shimfiɗa tabarma."

Farfesa ya cire tabarau, ya dubi wuyan nan kamar mai bankwana da gonar gado.

"Kin ɓata mana shi, Iya. Ba shi da sauran amfani."

Ya zaro takarda ya rubuta ranar da za a yi mata aiki: Talata, ƙarfe takwas, kada ta ci komai.

Ba ta yarda ba. Sai da ta sa likitoci uku suka karanta mata, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kusurwarsa, sannan ta ƙulle takardar a bakin zane.