Miyar da ke Ƙasan Firiza

Marrit na shigowa kicin ta hangi robar miyar da ta ɓoye a firiza a tsakiyar tebur, ƙanƙararta na narkewa, ruwa na bin katako. Gabanta ya yanke ya faɗi.

Duk 'yan gidan na zaune. Gidan ɗalibai ne na haɗin gwiwa a birnin Groningen na ƙasar Holland, su ke girki bi da bi, su ke zaɓar wanda zai zauna da su. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: nama ba ya tsallake ƙofar gidan, ko da romo ne. Marrit kuwa yau watan gwajinta ya cika, yau za a jefa mata wake. Kowa zai ɗauki ƙwaya biyu, fara da baƙa, ya jefa ɗaya cikin gwangwanin shayi, ya riƙe ɗayar. Baƙa ɗaya tak ta isa a ce mutum ya tattara nasa ya nasa. Ɗaki kuma a garin nan ya fi zinari wuya. Kafin ta samu wannan, a kujerun ƙawaye take kwana, kayanta a ɗaure bayan keke.

Joppe, wanda girkin yau ya faɗo kansa, sai sosa ƙeya yake. "Marrit, na rantse ban san taki ba ce. Na ga miyar koren wake a ƙasan firiza, na ce madalla, yau na huta da yankan albasa. Tana fara narkewa sai ga ƙashi ya leƙo."

Ragon banza! Da ya yanka albasarsa da ba a kai ga haka ba.

Tjalling bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa, abin da ya sa ake shakkarsa ke nan. Ya fi kowa daɗewa a gidan, ya taɓa korar wani saboda kifin gwangwani.

"Taki ce?"

"Tawa ce."

"Kin san doka?"

"Na sani."

"To, me naman saniya yake yi kusa da burodinmu?"

Marrit ta dubi robar. Da ƙyar ta ce, "Mahaifiyata ta dafa. Ta rasu a farkon bazara. Babana ya sayar da gidan, muka kwashe firiza, wannan ce kaɗai ta rage. Ba ci zan yi ba. So nake kawai ta kasance a wani wuri."

Femke, mai ɗakin da ke kusa da nata, ta sunkuyar da kai. Joppe ya ce a hankali, "Wayyo ni."

"Ki yi haƙuri da rashin," in ji Tjalling. "Amma kin ɓoye mana. Da kin faɗa, da an zauna an yi magana."

"Da ka yarda?"

Ya nuna robar da haɓa. "Ta narke, ba ta komawa firiza. Ba kuma za a ɗumama ta a tukunyar gidan nan ba. Kwandon shara na waje. Ki kai ta, ki dawo, a jefa wake."

Nan fa ran Marrit ya ɓaci, ɓaci na gaske. Ta tuna kujerun ƙawaye da ciwon baya, ta tuna hunturu na tafe, duk da haka ta rungumi robar, ruwan sanyi ya jiƙa mata riga.

"Ba zan zubar da ita ba. Ku jefa wakenku."

Ta hau ɗakinta ta ɗauko ɗan rishonta na tafiye-tafiye da tukunyarsa, ta fita har bayan ƙofar shinge, ta zauna a bakin titi. Ana yayyafi. Ashana ta mutu mata sau da yawa kafin wuta ta kama. Daga tagar kicin tana jin ƙwayoyin wake na faɗawa gwangwani, ƙwas, ƙwas, kowace kamar a ƙirjinta.

Miyar ta fara tafasa. Ƙamshin ya taso, ƙamshin kicin ɗin gidansu ranar Lahadi.

Ƙofa ta buɗe. Tjalling ne, da lema. Ya tsaya a kanta, ya kawar da fuska daga tururin, ya ajiye wani abu a gefen rishon. Baƙar ƙwayar wake ce. Ita ta rage a hannunsa, fara ya jefa ke nan.

"Babu baƙa a gwangwanin," ya ce. "Doka ta tsaya a ƙofa, nan kuma titi ne. Amma tukunyar nan a famfon waje za ki wanke ta."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗebi cokali ɗaya, ta hura, ta kai baki.

"Yaya?" ya tambaya, har yanzu bai juyo ba.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Kullum sai ta cika gishiri. Kullum sai na yi mata mita."

Tjalling ya gyara riƙon lemar. Ta ci gaba da ci a hankali, ƙaramin cokali bayan ƙaramin cokali, don kada ta yi saurin ƙarewa.